Gangar Da Ba A Buɗewa

Ranar sabuwar shekara aka buɗe gangar a zauren Humphrey Pell, baƙi maƙil, sai ga ruwa. Ba wai giyar da aka surka ba, a'a, ruwa ne tsagwaronsa, yana wari kamar na rijiyar da aka daɗe da daina ja.

In za a bi gaskiya, laifin baƙon nan ne na Landan. Duk wanda ya tashi a Bristol ya san gangar giyar inabin Kanari da attajiri ya aika wa ɗan'uwansa attajiri a sabuwar shekara ba ta sha ba ce. Girke ta ake yi a zaure kowa ya gani, ya san ana yi da kai, sannan a gangara da ita ɗakin ƙasa. To shi wannan bawan Allah bai sani ba. Yana ganin ganga da jan kakin zuma liƙe a bakinta ya hau tafi, wai shi sai ya ɗanɗana. Pell kuwa yana neman alfarma a wajensa, babu halin ya ce a'a. Aka fasa kaki, aka tara kofin azurfa, baƙo ya kurɓa, ya furzar a kan rigar matar gidan.

Kafin rana ta faɗi an kama Abel Tuckey, mai amalanken da ya ɗauko gangar da safe daga gidan Josias Lugg, wanda ya aiko da kyautar. Pell attajiri ne kuma yana cikin masu yanke hukunci a garin, don haka ba a sha wahalar samun mai laifi ba. Nan da nan kowa ya tuna wani abu game da Abel. Wannan ya ce dama idonsa bai kwanta masa ba, wancan ya ce ya taɓa ganin sa yana tangaɗi. Mutumin da ya tsufa yana jan kayan mutane ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba! Satar ganga guda ta Kanari kuwa hukuncinta igiya ne, ga shi zaman shari'a ya ƙarato.

Da sassafe Dorcas, matar Abel, ta buga ƙofar yayanta.

Barnaby Gosse bin sawu ne sana'arsa. Dokin da ya tsinke, gangar da ta yi ƙafa daga bakin kwatar jiragen ruwa, shi ake kira. Ya gaji da aikin tun tuni, gwiwoyinsa ma sun riga shi gajiya, har ya yi wa kansa alkawarin wannan hunturun a gindin murhu zai yi shi.

"Yaya, rataye shi za su yi," in ji Dorcas. Ko zama ba ta yi ba.

"Na ji."

"Ka ji, kake zaune?"

Ya dube ta, ya dubi murhun, ya yi tsaki a hankali, ya ce ta miƙo masa takalmansa.

*

Amalanken garinmu ba su da taya. Ƙarƙashin kusan kowane titi ɗakunan ajiyar giya ne, manya kuma sun ce girgizar taya tana dama musu ita, don haka katako biyu ne kwance a ƙasa doki yake ja. Ga mai bin sawu wannan rahama ce, balle da sanyi ya daskarar da taɓon jiya. Katakon hagu na amalanken Abel yana da wata ƙusa da ta leƙo, duk inda ya bi sai ta ja zare. Barnaby ya kama zaren daga ƙofar Lugg, yana tafe yana dafa bango, har ya zo inda bai so ya zo ba. Maimakon ya miƙe zuwa gidan Pell, sawun ya karkata ya shiga lungun su Abel, ya tsaya daidai bakin rijiya.

Tsohuwa Hester, maƙwabciyarsu, tana tsaye a ƙofa kamar dama jiran sa take.

"Da idona na gan shi," ta ce. "Guga yake ja yana kaiwa wajen gangar. Haka na faɗa wa ɗan doka."

"Wace gangar, Hester? Babbar ko ƙaramar?"

Kowane mai amalanke yana da 'yar ganga a gaba da ke ɗigar da ruwa a kan katakon don ya yi santsi a kan duwatsu. Yaron goye ma ya san wannan.

"Oho dai. Ni tambaya ta aka yi ko na ga ruwa, na ce na gani. Ƙarya na yi?"

"Ya daɗe a nan?"

"Ban gama ɓare albasa ba ya tafi."

"To a wannan ɗan lokacin ya juye ganga guda, ya cika ta, ya mai da kaki? Giyar kuma ina ya zuba ta? A tukunyar miyar Dorcas?"

"Kai ne mai bin sawu, sai ka bi," ta ce, ta rufo ƙofa.

Ya kai wa ɗan doka wannan bayani. Ɗan doka yana cin gurasa da cuku, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai an ba shi mutum ya tsare, ba a ba shi tunani ya yi ba.

*

A kurkuku ya iske Abel a takure kan ciyawa, yana tari.

"Yaya, ka ce wa Dorcas ta riƙa rufa wa dokin bargo. Ba ya son sanyi."

"Bar zancen doki. Me ka gani a jikin gangar?"

"Ganga ce dai. Nauyinta daidai." Ya yi ɗan tunani. "Sai dai tambarin Maigida Lugg sabo ne fil, har ƙaurin ƙonewa yake yi. Ita kuwa gangar, wallahi ta kwana biyu a duniya. Na ce a raina, tsohuwa da sabon ɗankwali."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Barnaby bai yi dariya ba. Tausayinsa ya kama shi, da haushin yadda mutum zai ga igiya tana nufo shi yana ta doki.

*

A farfajiyar Pell ya tarar da wani baran gidan ya ɗaga gatari a kan gangar. Barnaby ya je ya zauna a kanta, dama gwiwoyinsa suna neman wurin zama. Yana zaune ya shafa fuskar gangar da tafin hannu, inda aka ƙona tambarin Lugg. Wurin ya lotsa ciki kamar akushi.

Pell ya fito da rigarsa mai gashin dabba a wuya.

"Gosse, wa ya sa ka?"

"Ƙanwata, ranka ya daɗe."

"Tashi. Na ce a faskare ta a sa a wuta, warinta ya ishe ni."

"In aka ƙone ta, ranka ya daɗe, me za a nuna wa masu shari'a? Ai sai an ga gangar kafin a rataye mutum a kanta."

Barnaby ya lura tun da Pell ya fito, ko sau ɗaya bai dubi gangar ba. Bango yake kallo, ko ƙofa, ko kan Barnaby. Daga ƙarshe ya juya ya shige, Barnaby kuma ya sa aka ja gangar aka kai wa ɗan doka ajiya.

*

Josias Lugg ƙaton mutum ne, muryarsa ta fi shi ƙiba.

"Ni da kaina na zaɓo ta a tsibirin Kanari! Na ɗanɗana kafin a toshe! Wannan ɓarawon surukin naka ya zubar mini da mutunci a gaban mutanen Landan, kai kuma ka zo kana yi mini tambayoyi kamar wani ɗan tasha?"

"Ba tambaya ba ce, ranka ya daɗe, mamaki ne. Gangar da ta fito daga jirgi sau ɗaya ake ƙona mata tambari. Wannan an kankare fuskarta an sake, an kankare an sake, har mutum zai iya shan miya a wurin."

Lugg ya yi ja har kunne. Ya tashi ya leƙa ƙofa, ya rufe, ya dawo da wata murya ƙarama da Barnaby bai taɓa sanin yana da ita ba.

"Kowa yana yi, Gosse. Ka sani, na sani. Amma ba a faɗa."

"Daga wa ta zo?"

"In wannan maganar ta fita, ba ka ƙara bin sawun ko kyanwa a garin nan."

"Dama na gaji, ranka ya daɗe. Daga wa?"

"Matar marigayi Cray. Bara waccan."

*

Thomasine Cray ita ke riƙe da kasuwancin mijinta tun da ya mutu, kuma ta fi shi iyawa. A ɗakin ajiyarta na bakin kwata ya same ta tana duba kaya. Da ya gama bayani sai ta tuntsire da dariya har tana dafa ganga.

"Wayyo, wannan tsohuwar! Ai ni da ita mun saba. Sau biyu tana shigowa gidana. Mun aika da ita garin Gloucester, ta zagaya ta dawo mini daga hannun wani, da sabon tambari. Na gane ta, na yi godiya, na kankare na tura wa Lugg. To me? Ganga mai daraja irin wannan wa zai yi wautar shanye ta?"

"Zuwanta na farko fa, uwargida?"

Dariyar ta ragu.

"Shekarar yaƙi da Sifen, masu mulkin tsibirin Kanari. Ka tuna, ko ɗigon Kanari bai shigo garin nan ba. Kowa ya aika da abin da ya samu, giyar Faransa mai tsami, wasu ma cuku. Sai ga ganga guda ta Kanari da jan kaki ta shigo mana. Gari ya ɗauka, aka ce mutumin da ya aiko ta ko yaƙi bai taɓa shi ba. Alhali a lokacin ana ta raɗe-raɗin jirginsa ya nutse." Ta tsaya. "Mijina kuwa ƙafarsa ta kumbura, likita ya hana shi ko shinshina giya. Duk garin an san haka."

"Wa ya aiko?"



"Humphrey Pell," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Wannan ba hujja ba ce, Gosse. Ta kwana a gidaje da yawa. Ko'ina ana iya sace giyar."

"Haka ne. Ki tara mini Pell da Lugg a nan gobe, uwargida, ki kuma ara mini gangar Kanari guda da aka shanye."

"Me zai sa in yi maka haka?"

"Don kina son ki sani. Tun ɗazu kike son ki sani."

Ta yi murmushi, ba ta musa ba.

*

Washegari da hantsi suka hallara a ɗakin ajiyar, don ba a ƙin amsa kiran matar Cray. Pell ya zauna ya harɗe hannu, Lugg yana ta kai da kawo. An kori barori duka. A tsakar ɗakin ganguna biyu ne, wadda ake shari'a a kanta, da aka karɓo daga wajen ɗan doka, da wadda aka aro.

Barnaby ya fara da ta aron. Ya buge zobbanta da guduma, katakan suka baje. Ƙamshi ya cika ɗakin. Cikin katakan ya rine ya yi launin zuma, da ɓawon tsaki-tsaki manne da shi, irin wanda giya ke bari.

"Ku ne masu sana'ar, ba ni ba," ya ce. "Gangar da ta taɓa ɗaukar Kanari ko na wata ɗaya, ana iya wanke mata wannan?"

"Ko da yashi ka goge," in ji Lugg.

Ya buge zobban ɗayar. Ta baje, wari ya taso. Gansakuka ce kore a ciki. Ya ɗauki katako ɗaya, ya share shi da hannun rigarsa, ya miƙa wa Lugg. Fari ne sol, har da shatar wuƙar kafinta. Lugg ya shinshina, ya juya shi, ya sake shinshinawa, ya miƙa wa matar Cray.

"Wannan ba ta taɓa ganin giya ba," ta ce a hankali.

"To ba a saci komai ba ke nan," in ji Barnaby. "Ranar da aka ƙera ta aka cika ta da ruwa, aka liƙa jan kaki, aka kai wa wanda aka san ba zai buɗe ba. Abel ruwa ya ɗauko, ruwa ya kai."

Duka suka juya ga Pell. Barnaby ya zaci zai yi ihu, ko ya musa. Ko gezau bai yi ba. A nan Barnaby ya gane mutumin ya san gangarsa tun ranar biki, tun da warin ya bugi hancinsa, kuma da saninsa ya nuna Abel.

"A shekarar nan," in ji Pell, kamar mai ba da labarin wani, "da sabuwar shekara ta wuce ganga ba ta fita daga gidana ba, da babu wanda zai ƙara sa kayansa a jirgina. Kai ma ka sani, Lugg. Kai ne za ka fara janyewa."

"Ruwa ka sa ni ina ta tattali shekara biyu!" Lugg ya daka tsawa. "Gobe duk garin nan sai ya ji!"

"Ya ji me?" matar Cray ta tambaya. "Ya ji ka rantse ka zaɓo ta da kanka a Kanari, har ka ɗanɗana?"



"Ni ma za a ji na kankare tambari," ta ci gaba. "Ran nan kowa zai sauka ɗakin ƙasarsa da guduma. Ganga nawa gare ka a can masu jan kaki, Josias? Ka tabbatar da abin da ke cikin kowacce? Waɗanda ka riga ka aika wa mutane fa?"

Kowannensu ya tafi ɗakin ƙasarsa a zuci yana dubawa. Barnaby ya nemi ganga ya zauna. Ya riga ya ga inda aka nufa, ya sha ganin irinsa.

Matar Cray ce ta tsara. Pell zai janye ƙara, a ce don jinƙai. Katakan nan za a ƙone su yanzu. Barnaby zai dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse abin da ya gani a ɗakin nan a nan ya tsaya, ko ƙanwarsa ba za ta ji ba.

"Ku ce bai sata ba," in ji Barnaby.

"Za mu ce an yafe masa," in ji Pell.

"Ba ɗaya ba ne."

"Ga wuyansa ɗaya ne," in ji matar Cray. Ba da mugunta ta faɗa ba. "In ka ƙi, Gosse, je ka gaban shari'a da katakonka. Waɗanda za su zauna su yanke duk 'yan kasuwa ne, kowa da gangarsa a gida. Ni kuwa ba zan tuna wanda ya aiko mana da komai a shekarar yaƙi ba. Na tsufa."

Barnaby ya tuna tarin Abel a kan ciyawar nan mai danshi. Ko ba igiya, kurkukun kaɗai ya isa ya gama da shi kafin zaman shari'a. Aka kawo Littafin, ya ɗora hannunsa. Bai taɓa jin tsufa irin na ranar ba.

*

Aka saki Abel. Ranar Lahadi mai wa'azi ya yabi zuciyar Humphrey Pell daga kan mumbari, mata har da share hawaye. Babu attajirin da ya ƙara ba Abel giya ya ja, sai gawayi da ɗanyun fatu, su ma sai an bi shi da ido.

Ba a yi mako ba baran Pell ya kawo wa Barnaby 'yar ƙaramar ganga, da jan kaki a bakinta da sabon tambari. Barnaby ya sungume ta ya nufi lungun su Abel. Ya iske Dorcas a bakin murhu tana fige agwagwarsu, guda ɗayar da suke da ita.

"Biki ake yi?" ya tambaya.

"Ta Maigida Pell ce," ta ce. "Abel zai kai masa gobe, ya durƙusa ya yi godiya. Da wani ne, da tuni an rataye mini miji. Allah ya saka wa mutumin nan."

Barnaby ya buɗe baki, ya tuna hannunsa a kan Littafi, ya rufe. Ya dire gangar a kan tebur, ya ɗauki wuƙa ya fasa kakin.

"Yaya! Ai ba a buɗewa!" in ji Dorcas.

"Yau za a buɗe."

Ya tsiyaya a kofin ƙasa. Kanari ce ta gaske, launin zuma, ƙamshinta ya cika ɗan ɗakin har ya danne ƙaurin gashin agwagwa. Ya tura kofin gaban Abel.

"Sha. Duk garin nan babu wanda ya kai ka cancantar ta."

Abel ya dubi kofin. Shekara da shekaru yana jan ta a titi, bai taɓa sanin ɗanɗanonta ba. Ya miƙa hannu, sai ya waiwaya ya dubi taga, wajen gidan Hester. Ya janye hannun ya sa a tsakanin cinyoyinsa.

"A'a, Yaya. Don Allah ɗauke ta daga gidan nan tun wani bai shigo ba. In aka ji ƙamshinta a bakina, cewa za a yi ragowar ta satar ce."

Barnaby ya mai da giyar cikin ganga, ya toshe, ya rufa mata rigarsa don kada a gani, ya fita da ita ta ƙofar baya. Dorcas ta biyo shi da murya, wai in gwiwarsa ta yi sauƙi gobe ya zo ya raka Abel gidan Pell, don Abel bai iya magana gaban manya ba.

"Zan zo," ya ce.